Waɗanda Alhaji Ya Bari a Kan Wata

"Ajiye min takarduna, wannan ba na bugawa ba ne!"

Haka kakana ya daka min tsawa jiya, da ya gan ni da wani tsohon littafin rubutu da na tono a akwatinsa. Ina tattara labaran tafiya sararin samaniya ne za mu fitar a littafi guda. Ashe tsohon nan ya riga mu tun shekarun 1950, yana malamin awo a wurin haƙar kuza a Riruwai. Labarin wasu leburori ne da suka ƙera jirgi da kuza, suka tare a kan wata, har da gonar dawa.

Na ce, "Alhaji, ai da wannan zan buɗe littafin. Me ya hana ka ƙarasawa?"

Ya ce, "Limaminmu na kai wa ya duba min. Jirgin bai dame shi ba, dawar ma albarka ya sa mata. Can sai ya ɗago ya ce, 'To su da suke zaune a kan watan, wa zai gano musu shi su ɗauki azumi?'"

"Sai ka ce me?"

"Me zan ce, amarya? Mutum goma sha biyu na kai can. Shekara saba'in ke nan ba su kai azumi ko ɗaya ba, kuma alhakin yana wuyana."

Ni da nake taƙama da gyaran littafi, ban taɓa ƙure marubuci haka ba.

Malamai, a taimaka mana da mafita. Alhaji ya rantse ba zai sa hannu a buga labarin ba sai mutanensa sun rama.