Kayan Aikin Maigida a Kan Turaren Wuta

Shekarar da aka kawo ni Agadez, maigidana yana aiki a wurin haƙar gawayi na Anou Araren. Ran Asabar yake zuwa gida, ya koma Litinin da safe a motar ma'aikata. Kayan aikinsa riga da wando ne shuɗaye masu kauri, suna zuwa baƙi ƙirin. Ran Lahadi nake wanke su, in shanya a igiyar da ke tsakanin bishiyar dabino da ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna. A garin nan shanya ba ta wahala. Kafin ka zubar da ruwan wanki har ta fara bushewa.

Wata Lahadi cikin damina na makara, sai bayan azahar na shanya. Da la'asar hadari ya taso daga gabas. Ina ɗaki na ji mata suna guɗa a maƙwabta. Kafin in fito ruwa ya sauko, Inna tana tsaye tsakar gida, ta ɗaga hannuwa sama tana godiya ga Allah, kayan kuwa suna ɗiga a bayanta.

Na ce, "Inna, kayansa!"

Ta ce, "Bar su su sha, 'yata. Wata nawa muna roƙon wannan?"

Ruwan ya ɗauke, ya bar iska mai sanyi har muna neman mayafi. Na matse wandon, na sake matsewa, yana nan sharkaf. Hawaye suka cika min ido, don amarya ce ni, ina jin kunyar a ce na kasa wankin miji. Inna ta hura gawayi a kasko, ta kifa babban kwando a kai, muka shimfiɗa kayan muna juyawa. Da suka fara warin hayaƙi sai ta kwance bakin zanenta, ta barbaɗa turarenta na biki a wutar. Muka zauna muna jin ɗumi, tana ba ni labarin shekarar da ƙoramar Telwa ta cika har mutane suka kwana a ƙetare. Ranar na fara sakin jiki da ita.

Asabar ta zagayo, maigida ya shigo yana ɓata rai, dariya na neman ƙwace masa.

Ya ce, "Me kuka yi wa kayana? Kwana uku ana ce min amarya a wurin aiki."

Inna ta ce, "To, ba ka sa su a bushe ba?"

Ya zauna ya ci abinci. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shugaban ɓangarensu yana tambaya ko za a samo wa matarsa irin turaren.

Inna ta rasu, mun kuma bar gidan tuni. Kayan jikoki nake shanyawa yanzu a kan soro, in hadari ya taso sai in ɗan daɗe a tsaye kafin in kwashe.