Farin Ƙyallen da Ke Tsakiya

Jiya na buɗe akwatin kayan sanyin yara, ƙamshin kafur ya daki hancina, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Kada ka ɗauka taɓuwa na yi, mai karatu. Ƙamshin ne ya mayar da ni Toranke, gidan kakannina, shekarar da na yi wata ɓarna wadda har yau take rataye a bangon falona.

Ina 'yar shekara tara a lokacin. Daminar ta yi ƙarfi, ta bar wani mummunan tabo a bangon ɗakin kakata, daidai saitin kan gadonta. Ita kuwa mace ce mai son tsaf-tsaf, ta ce kafin a yi yaɓe sai ta ɗinka abin rufe shi. Kawuna tela ne a Gaya, kayan maza kawai yake ɗinkawa, kuma duk zuwan da zai yi a babur sai ya ɗauro mata ƙullin ƙyallayen da suka zube a gindin kekensa. Ba ja, ba kore. Daga ruwan madara sai ruwan toka, sai ruwan ƙasa, sai wani fari-fari da ya sha hannu. Ni da idona yake kan atamfa na turo baki na ce wannan ai kayan tsofaffi ne. Ta ce, "Launi mai ihu shi ke fara koɗewa. Zo ki zura min zare."

Da aka gama shigar da gero rumbu, sai aiki ya kankama. Kullum da hantsi muna gindin darbejiya a kan tabarma, kaji na zagaye mu. Kakata ba ta san tef ba, tafin hannunta ne ma'auni. Ta ɗora shi a kan ƙyalle, ta zagaye da gawayi, ni in bi da almakashi. Mu jera biyar-biyar a kan tabarma, ta ja da baya ta ƙanƙance ido, ta ɗauke ruwan toka daga nan ta kai can. A ƙarƙashi za a shimfiɗa tsohon zanenta, a tsakani audugar da ta shiɓe da kanta, sannan a bi da allura layi-layi ta ratsa duka ukun. Na soki yatsata ya fi a ƙirga, amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba.

Gurbi ɗaya ne ya rage, na tsakiya. Ta ce nan sai fari tas, mu jira zuwan kawu. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a haɗa ni da jira.

Na san inda fari yake. Kakana yana da wata adaka a ƙuryar ɗakinsa, kuma sau ɗaya a shekara yakan fito da wani farin yadi daga ciki, ya shanya shi a igiya, ya ninke ya mayar. A ganina rowa ce kawai irin ta tsofaffi: ga yadi har yadi, ba a ɗinka ba, ba a bayar ba. Ranar da kakata ta tafi suna a Gafasa, shi kuma yana gona, na zaro makulli daga ƙarƙashin buzunsa. Na ɗora tafin hannuna a kusurwar yadin, na ɗan ƙara don ya kai nata, na datse. Kafin azahar na ɗinke shi a tsakiya da ɗinkina mai kama da sawun kaza, ina ta jin kaina.

Da kakata ta dawo na shimfiɗa mata aikin tun ba ta cire mayafi ba. Ta shafa farin, ta kai shi hanci, ta ji ƙamshin kafur, sai ta saki salati. Ta zauna daɓas ta ce, "'Yar nan, likkafanin Malam kika yanka."

Sai a ranar na san tsofaffinmu kan sayi likkafaninsu da guminsu su ajiye, don kada su ɗora wa kowa nauyi. A tunanina na yarinta, kakana zai tafi kabari da ƙafa a waje, kuma ni ce sanadi. Mutumin da yake kirana amaryarsa, yake ɓoye min rake a aljihu, yau na ci amanarsa. Na roƙe ta ta warware ɗinkin mu mayar a ɓoye. Ta ce, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ke za ki faɗa masa."

Bayan la'asar na same shi a zaure yana wanke ƙafa. Na durƙusa, na miƙa masa abin, na faɗi laifina cikin kuka. Ya karɓa, ya duba farin ƙyallen. Can ya ce a ɗauko yadin. Ya sa aka ware shi a tsakar gida, ya cire hula, ya miƙe a kan tabarma kusa da shi, ya ce in duba ko ya gaza. Kakata tana faɗin, "Haba Malam, wane irin wasa ne wannan?" shi kuwa dariya har da tari. Na duba da kyau, ina share majina. Yadin ya ninka tsawonsa har da saura.

Ya tashi zaune ya ce, "Amarya ta fi mu dabara. Duk yadin nan ƙasa za ta ci, ita ta tsirar da tafin hannu. Kada wanda ya warware."

Shi ya kafa ƙusoshi biyu da kansa, ya rataye shi a kan tabon. Daga shekarar, duk ranar da zai shanya yadin sai ya ƙwala min kira, wai in zo in ɗebi kason bana. Haka ya yi ta tsokanata har na gama sakandare, har aka kawo ni ɗakina a Gaya. Da zan taho, kakata ta cire abin daga bango ta cusa min a cikin kaya.

Yanzu bangon mutane ya cika da furen roba da hotuna masu gilashi, kuma ba na ganin laifinsu. 'Yata ma ta sha cewa in cire wannan tsumman, bai dace da labule ba. Gaskiyar kakata, bai koɗe ba, don dama ba shi da abin koɗewa. Ɗinkin da ke gefe-gefe a miƙe yake sar, na tsakiya kuwa har yau a karkace.

Ranar da kakana ya rasu, kawu yana cikin waɗanda suka yi masa sutura. Da suka dawo daga maƙabarta ya iske ni cikin mata, ya sunkuyo ya ce min a hankali, "Ya ishe shi, har da saura." Na yi kuka, na yi dariya, mata suna ta kallona. Sauran yadin yana can Toranke tare da shi. Tafin hannun da ya bar min kuwa, kullum da safe nakan shafa shi in ce Allah ya jiƙan angona.