Turaren Kalilu

A wani ƙauye da ke gefen Sandamu ana kiransa Kalilu Mai-turare, ko da yake bai taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba. Itatuwan turaren da ya dasa a arewacin gonarsa ne suka jawo masa sunan.

Manomi ne ɗan manomi, dogo, marar yawan magana, yanzu ya haura sittin. Tun yana saurayi abu ɗaya yake tsoro, yashi. A kan idonsa rairayi ya cinye gonar mahaifinsa, kowace shekara sai a tarar wasu kunyoyi sun nutse, har tsohon ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Da Kalilu ya mallaki tasa, in iska ta yi ƙarfi tuwo ba ya shiga bakinsa. Sai ya tafi bakin iyaka ya tsaya yana duba ko yashi ya matso.

Shekarar da aka raba dashe kyauta, ya yi ta jigila da amalanke. Malamin daji da ya zo duba su, wani matashi mai suna Suhaibu, ya ce masa ya bar tazarar da amalanke zai iya wucewa tsakanin itace da itace.

"Baba, ko 'ya'ya ne ka tara su da yawa a kan kwano ɗaya, ramewa za su yi. Ƙasar nan abincinta kaɗan ne."

Kalilu ya ce, "Inda amalanke ya wuce, yashi ma zai wuce."

Ya dasa su kamu ɗaya tsakani. Shi da matarsa Laraba suka yi rani guda suna jan guga suna ba su ruwa, har tafin hannunta ya yi kanta.

Da fari abin ya yi kyau. Itatuwan suka tashi kore shar kamar katanga, masu wucewa kasuwa suna tsayawa kallo. Sai dai tsawo kawai suke yi, kowanne na neman rana, ba kauri, ba reshe sai can sama. Na tsakiya suka fara bushewa a tsaye, gara ta shige su. Geron da ke kusa ya daina wuce gwiwa. Wata rana cikin Agusta Kalilu ya haƙa rami a gindinsu, ya tarar da saiwoyi sun sarƙe da juna, ƙasar kuwa fara fat, a bushe, alhali jiya aka yi ruwa. Ya zauna a bakin ramin. Abin da ya dasa don ya tsare gona shi ne ke shan gonar.

Suhaibu ya dawo ya gani. Ya ce a rage su, amma kaɗan-kaɗan, kowace shekara bayan damina.

"Kada ka sare da yawa lokaci guda, Baba. Sirara ne, junansu suke jingina."

Kalilu ya kasa ɗaga gatari. Duk itacen da ya duba sai ya ga ƙofar da zai buɗe wa yashi. Haka ya yi ta jan ƙafa, har shekarar da rabin gonar ya tashi ba ko dami. Sai tsoron ya juya. Cikin bazara ya kirawo masu gatari, suka kwantar da fiye da rabi.

Ba a jima ba hadarin farko ya taso. Bayan la'asar ne, yana can kudancin gona yana shara, Laraba kuwa ta shiga cikin turaren tana tsintar rassan da aka sare don girki. Gabas ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi shiru. Da iskar ta iso sai ya ga itatuwan sun sunkuya gaba ɗaya, sannan ya ji ƙara kamar an harba bindigar toka, ya sake jin wata.

Ya yar da manjagara ya sheƙa. Yana kiran sunanta, iska na mayar masa da muryar cikin baki. A ciki ba a ganin hanya. Wani itace ya karye daga tsakiya, wani ya tumɓuke da saiwarsa, ganye na dukan fuskarsa. Wani ya faɗo a gabansa, ƙasa ta fantsar masa har ido. Ya tsallake, yana ta salati. Zaninta ya fara hangowa a ƙarƙashin rassa.

Tana kwance, itace ya danne mata ƙafa. Idonta a buɗe.

"Malam, fita. Na bayanka ma yana zuwa."

Bai waiwaya ba. Ya sa kafaɗa ya ɗaga, ta ja jikinta, ya goya ta. Yana jin na bayan nan yana kuka kamar tsohon ƙyaure, bai san ta ina zai faɗi ba, har suka fito fili ruwa ya kece.

A asibiti a Daura aka ɗora ƙafar. Ta warke, amma da ɗingishi. Shi kuwa damina ta ƙare bai taka cikin turaren ba. Ko ƙarar faskare ya ji daga maƙwabta sai ya zabura.

Waɗanda suka tsira sun samu sarari, yanzu wasu sai ka sa hannu biyu kafin ka zagaye su. Ƙasar ce ta ƙi dawowa da wuri. Yana kai mata taki kowace shekara, ya bar sabara da kargo suna fitowa a tsakani, ya kuma dasa gawo jefi-jefi. Gero ya fara yin kai a wajen, ba kamar da ba dai.

Laraba har yau tana shiga tsintar itace in ya tafi kasuwa. Ya sani, don yana ganin sawunta, ɗaya ya fi ɗaya nutsewa. Ya yi magana har ya gaji. In hadari ya haɗu yana hanya, sai ya ce wa mai babur ya ƙara wuta.