Matar da Take Kiwon Sauro

Wasu na kiwon kaji, wasu awaki, ita kuwa sauro take kiwo, shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba mata Uwar Sauro. Shekara tara ke nan tana aiki a wani ɗaki mai ɗumi a cibiyar bincike, inda kejunan raga shida suke jere a kan kanta. Tana ba su ruwan sukari a auduga, ta tsince matattu, ta rubuta a littafi. Da shara aka ɗauke ta. Yawan tambaya ne ya shigar da ita ɗakin, don Dakta, matar da take binciken zazzaɓin cizon sauro, ta gaji da amsa mata ta taga.

Dokar ɗakin ɗaya ce: mai shigarsa ba ya kunna maganin sauro a gidansa. Ta kiyaye, har ranar da mahaifiyarta ta zo mata kwana biyu.

"Ke kika ɗaure musu gindi, ba ni ba," in ji tsohuwar, ta banka na hayaƙi daidai ƙarƙashin inda rigar aiki take rataye.

Washegari Uwar Sauro ta sa rigar, ta yi ta zura hannunta cikin kowane keji kamar kullum. Kafin la'asar sauron keji biyar sun zube. Ga shi saura mako uku a rufe karɓar takardun neman tallafin da ake ba mata masu binciken kimiyya, kuma da sauron nan Dakta za ta kafa hujja.

Hankalin Uwar Sauro ya tashi, don aikin nan shi ne cinta, shi ne shanta. Da ta ce ba ta san abin da ya faru ba, ba mai ƙaryata ta. Sai dai keji na shida ya hana ta sakat. Riga ɗaya, hayaƙi ɗaya, amma su suna ta shawagi ko a jikinsu! Ba kuwa yadda za ta yi tambayar ba tare da ta tona kanta ba.

Ta tona. "Dakta, ni na kashe su. In kora ce ki kore ni, amma don Allah ki fara gaya min, waɗannan na keji na shida me suka taka?"

Dakta ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Can ta tsaya, ta ƙura wa kejin ido.

"A ina kika ɗebo tsutsarsu?"

"A kwatar bayan lambu, inda ake yawan feshi."

Dakta ta jawo kujera ta zauna. Ta sake rubuta takardar daga farko, a kan sauron da ya daina jin magani. Tallafin ya zo, kuma da aka buga sakamakon binciken, sunan Uwar Sauro ne na biyu.

Uwar Sauro ta kai wa mahaifiyarta takardar da aka buga, ta nuna mata wurin da yatsa. Tsohuwar ta juya takardar gaba da baya.

"To ina nawa sunan? Ai ni na kunna."