Gwaggo Mai Shara da Kaset Marasa Suna

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana shara a gidan talabijin. Ba ta yi boko ba. Sunanta kawai ta iya rubutawa, shi ma sai ta ɗan ciji harshe. Bene na biyu ne nata: dogon baranda, ɗakin ɗaukar shiri, ɗakin kwalliyar 'yan wasa, da wani ɗan ɗaki a ƙurya inda ake ajiye kaset. Sama da ƙofar barandar akwai lasifika, duk abin da tashar ke watsawa ta nan yake fitowa. Don haka Gwaggo ba ta cika kallon shiri ba, jin sa take yi, kai a sunkuye, tsumma a hannu.

Mu da muka tashi a hannunta, da maganganun shirye-shiryen nan ta raine mu. In an aike ka ka dawo da rabin saƙo, sai ta ce, "Saura maɓalli kawai," maganar wani tela a wasan ranar Laraba wanda bai taɓa gama ɗinki ba. In biyu suka kawo ƙara, sai ta gyara murya ta ce a kawo kujera, kamar alƙalin wani wasan. Sai da muka girma muka gane ashe duk aro ne.

Shekara tara da ritayarta, tana zaune gidan babban ɗanta tana fama da kaji da ciwon gwiwa, aka bugo waya daga tashar. Shugabar sashen ajiya ce ke son ganinta ranar Litinin, kan maganar ɗakin kaset. Ɗanta ya isar da saƙon ya fita abinsa. Daga ranar Gwaggo ta daina cin abin kirki. Da na je ranar Asabar, matar ɗan ta tare ni a tsakar gida ta ce in shiga in gani, ita dai ta rasa gane kanta.

Gwaggo ta sa na tura ƙofa, sannan ta faɗa mini abin da ko mijinta bai ji ba, don ya riga ya rasu lokacin. Wata damina rufin ɗakin kaset ya yi yoyo kwana biyu babu kowa. Ta zo da safe ta tarar da ruwa har idon sawu, kaset ɗin da ke ƙasan kantar ajiya sun jiƙe. Ta kwashe waɗanda ta iya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Sai da ta yi nisa ta lura takardun sunan da aka liƙa musu suna saluɓewa suna bin tsumman. Sun fi ɗari biyu. Ta jera su can saman kanta ta baya, ta kwashe ruwan, ta yi gum da bakinta, don 'ya'ya huɗu ne a gabanta kuma tana tsoron kora. Yau shekara ashirin da biyu ke nan.

Na ce ai ba a kama mutum don ya goge kaset. Ta ce ni malamar makaranta ce, ban san aikin ofis ba.

Ranar Litinin ni na kai ta. Ta sa zanen fitarta, ta cusa duk magungunanta a jaka ko da za a tsare ta. Mai gadin sabo ne, bai san ta ba, har ya tambaye ta wa take nema. Wannan ma ya ƙara sanyaya mata jiki. A matakala sau uku muna tsayawa.

Shugabar sashen mace ce mai tabarau, ba ta wuce sa'ata ba. Ta taso ta rusuna ta gaishe ta, ta jawo kujera. Gwaggo ta ƙi zama. A tsaye, riƙe da jakarta, ta zayyana komai, har da kalar tsumman.

Shugabar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta kama hannunta ta kai mu ɗakin. Ta nuna wasu buhuna biyu a bakin ƙofa: kaset ne da suka kwana a ƙasa shekara da shekaru, laima ta cinye su, sun manne kamar ƙanzo. Ta nuna saman kantar baya ta ce daga duk shirye-shiryen wancan zamani, na nan ne kaɗai ke tashi in an sa a inji. Maganar takardun suna kuwa, har waɗanda ba wanda ya taɓa sun zube, wasu kyankyasai sun cinye.

"Mama," in ji ta, "da ba ki ɗaga su ba, da yau ba mu da abin da za mu kira ki a kai."

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni. Sai ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu, ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Ta shanye kofi biyu.

Ashe abin da ake so daban ne. Za a kwashe tsofaffin shirye-shiryen a zuba a kwamfuta, amma babu suna, hoton da yawa ya dushe, ma'aikatan yanzu kuma ba a haife su ba sa'ad da aka yi su. Wani tsohon mai kyamara ne ya ce in ana neman wanda ya haddace su, a nemo mai sharar bene na biyu.

Aka sa na farko. Allon ba komai sai yayyafi, amma wata murya ta ce, "Kowa ya riƙe kayansa." Gwaggo ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce wasan direban bas ne, na ranar Lahadi da yamma, kuma wannan na farko-farko ne don ba a canza kwandasta ba tukuna. Aka sa na biyu, wata mace ta tambaya wa ya wanke hannunsa. Shirin yara ne, in ji Gwaggo, kuma matar tana tsoron yaran fiye da yadda suke tsoronta. Kafin azahar ma'aikata sun cika ƙofa, abin ya zama wasa: a saki jimla ɗaya a tsayar, a jira ta. Har da masu ƙoƙarin rigan ta, suna faɗuwa ana dariya.

Ɗaya ne ya kayar da ita ranar. Wani namiji ke ta maimaita cewa shi dai ba ruwansa. Ta sa aka mayar sau uku, ta ce ko dai ranar hutunta ake yin sa, ko kuwa shirin bai yi daɗin da za a tuna shi ba. Shugabar ta rubuta hakan a takarda yadda ta faɗa.

Sati bakwai ta yi tana zuwa, Litinin da Alhamis, motar tashar na ɗaukarta. Kaset ɗari biyu da sittin ta ba suna; goma sha ɗaya suka gagare ta.

Amma ni ranar farkon nan na fi tunawa. Da muka fito ta ce in tsaya a bakin hanya in sayo mata ayaba da gyaɗa. Ta ci ayaba huɗu a mota, tana ba ni labarin wani ɗan wasa da ke ɓoye takalminsa a bayan bokitinta don kada abokan aiki su ara. Ba ta kai ƙarshen labarin ba barci ya ɗauke ta, ɓawon a cinyarta. Na rage gudu saboda ramukan hanya.