Ranar da Rumfata Ta Kashe Baba

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na kafa rumfa a bakin wani ƙauye kusa da Hawata ba, har mutanen gari suka fita haƙa wa mahaifina kabari alhali yana kwance yana barcinsa lafiya lau.

Shekarar nan riɗi ya yi kyau. Da aka gama yanka aka kakkaɓe, sai muka ce bari mu zaga dangi, tun da ƙasa ta bushe, hanya ta buɗe. Muka ɗauki lori daga Gadarif, muka loda tabarmi, gawayi, jarkokin ruwa da angarib ɗin Baba, wato gadonsa na igiya, don shi ba ya kwana a gadon kowa. Ni kuma na ɗauko abin alfaharina, wata rumfa mai ƙafa huɗu da ake naɗewa kamar laima, wadda na sayo a kasuwar Gallabat. Kawuna, ƙanen Inna, tun a gida yake mini tsiya wai na sayo wa iska abin wasa. Na ce masa rana ce za ta raba mu. Wanda ya san hanyoyinmu ya san sai ka yi tafiyar awa guda cikin gonaki ba ka ga itacen da zai ba akuya inuwa ba.

Zangon da kowa ke tsoro shi ne ƙauyen Gwaggo, yayar Baba. Shekara goma sha ɗaya ba su yi magana ba. Ta aurar da 'yarta a tsakiyar yankan riɗi, shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa, in ka ƙara masa kwana biyu sai ya fashe ya zube a ƙasa. Baba ya zaɓi gona, bai je biki ba. Gwaggo ta aiko da rantsuwa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka gidanta ba. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma duk sun tsufa. Abin yana cin Inna, yana cina, amma taurin kai a gidanmu gado ne.

Mun iso da azahar, rana kamar za ta fasa kai. Baba ya buga jikin lori ya ce a tsaya tun kafin gidajen farko.

“Ni nan zan zauna. In tana so na, ta aiko.”

“Haba Baba, ba ta ma san mun zo ba.”

“Kalas, na gama magana.”

Aka yi shawara in la'asar ta yi Kawu ya shiga ya lallashe ta. Nan fa rumfata ta samu ranarta. Na buɗe ta, na kafa, na shimfiɗa tabarmi a jere, na sa angarib a tsakiya. Baba ya miƙe a kai, ƙudaje suka dame shi, ya warware farin rawaninsa ya lulluɓe tun daga kai har yatsun ƙafa. Inna ta koma gefen lori tana hura gawayin dafa jabana, wato gahawa, hayaƙi na sa ta hawaye. Mu kuma muka zauna jugum, kowa na tunanin abin da Gwaggo za ta ce. Yau in na tuna wannan zama sai in riƙe baki. A ƙasarmu ba a kafa rumfa a jera tabarmi sai biki ko rasuwa, kuma a angarib ake ɗaukar gawa. Duk na san wannan, amma daɗin inuwa ya rufe mini ido.

Wani dattijo ya zo wucewa a kan jaki. Ya dube mu, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga hannu ya ce, “Fatiha.” Mu ma muka ɗaga, don ba a tambayar dalilin Fatiha. Ya tambayi daga ina, muka ce daga Gadarif, dangin Hajiyar bayan masallaci ne, wato Gwaggo. Ya girgiza kai ya ce, “Albaraka fikum, Allah ya jiƙansa,” ya hau jakinsa da sauri. Kawu ya gyara zama ya ce ai shi ake wa ta'aziyyar surukinsa, wanda ya rasu da damina. Har ya ƙara da cewa, “Ka ga mutumin kirki, sunansa ya kai har nan.”

Kafin jabana ta tafasa, mutane sun fara zuwa uku-uku, biyar-biyar. Kowa Fatiha, kowa ya nemi gefen tabarma ya zauna ya sunkuyar da kai. Kawu sai karɓar gaisuwa yake yana kumbura. Ni kuma ina lura da masu ɗaga kai suna kallon rufin rumfa, ina cewa a raina, yau dai an ga kaya. Da na hango matasa sun nufi gabas da diga da shebur, sai na ce wa direba mutanen garin nan akwai himma, da wannan rana za su gona.

Kukan mata ne ya farkar da ni. Gwaggo ce a gaba, ba takalmi, mayafinta na jan ƙasa, tsohuwar da aka ce mana da sanda take zuwa masallaci. Ta ture ni, ta faɗa kan angarib ta rungume ƙafafun Baba.

“Wayyo autan uwata! Ka zo har ƙofata ka kasa shiga saboda bakina! Na yafe maka, wallahi na yafe tun shekarar farko, girman kai ne ya hana ni faɗi. Riɗin banza, bikin banza! Wa ya rage mini yanzu?”

Sai a lokacin na gane abin da rumfata ta jawo. Na dubi angarib, sai na ga babban yatsan Baba yana motsi a hankali. Ashe ya daɗe da farkawa. Daga baya ya ce shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan magana, ba zai katse ta a tsakiya ba. Sai da ta kai inda take cewa ko a ƙuruciya ita ce mai tsokana, sannan murya ta fito daga ƙarƙashin rawani.

“To Yaya, tun da kin faɗa da bakinki, ni ma na yafe.”

Ban taɓa ganin dattawa sun yi gudu irin na ranar ba. Mai jaki ya bar jakinsa. Wani ya yi karo da ƙafar rumfa, ta naɗe a kanmu, ni da Kawu da limamin garin muna ta laluben hanya a ƙarƙashin tamfol. Da na fito, na tarar Gwaggo ta ciro takalmin Baba tana zabga masa, tana kuka tana dariya tana cewa, “Ɗan banza, ko mutuwar ma sai ka yi mini ƙarya!” Shi kuwa ya kare kai da hannu, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba sai ranar, kuma ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Saura rantsuwa. Gwaggo ta ce ita ba ta karya rantsuwa, ƙafarsa ba za ta taka gidanta ba. Sai ta dubi matasan da suka dawo daga maƙabarta da ƙasa a gwiwa, ta ce tun da sun zo ɗaukar mutum, su ɗauka. Haka aka shiga da Baba gari a kan angarib, yana zaune yana ɗaga wa mutane hannu. Abincin da maƙwabta suka fara dafa wa 'yan makoki, shi muka ci na murna. Liman ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, in za ka sake kafa abin nan, ka sa a yi guɗa tukuna.” Kawu kuwa har yau ba ya son a tuna masa da ta'aziyyar surukinsa.

Damina biyu bayan haka Gwaggo ta rasu. Na sake kafa rumfar nan a ƙofar gidanta, wannan karon ba kuskure. Baba ya zauna a ƙarƙashinta kwana uku yana karɓar Fatiha, kuma duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin takalmin.

Abin da na koya ke nan. Maganar da kake ajiyewa sai an lulluɓe ɗan'uwanka, faɗa masa ita tun yana iya amsawa. Gwaggo ta yi sa'a nata mamacin ya amsa, ba kowa ke samun haka ba.