Motar Maiwada Ta Ƙi Shan Mai

A tashar motar Ikara, a shekarun nan da aka fara mulkin kai, babu wanda bai san Maiwada direba ba, kuma ba don alheri aka san shi ba. Mutumin Malikanchi ne, gajere mai faɗin ƙirji, kullum fuskarsa a murtuke. Da noman rake ya fara kamar ubansa, ya ga shiga laka ba ta yi masa ba, ya tsere Zariya ya yi shekara bakwai yana bin wata babbar mota har ya samo lasisi. Da ya dawo, wani ƙanin babansa mai hali ya damƙa masa akori-kura koriya, irin mai buɗaɗɗen baya. Da ita yake ɗebo mazarƙwaila da dankali daga Kudan, ya biyo ta Makarfi, ya sauke a Ikara. Tuƙi kam ya iya, ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Ko taka ka ya yi, kai za ka ba shi haƙuri don ka sa ƙafa a hanyarsa.

A tashar nan kuwa akwai Uwaisu, mijin ƙanwarsa Mairo, wanda ke sayar da fetur. Babu famfo a wurin lokacin. Duro biyu ne a ƙarƙashin rumfar zana, da garwa, da mazurari, da wani farin ƙyalle da yake tace man da shi kafin ya zuba. Dogon mutum ne mai sanyin magana, kuma da rumfar nan yake ciyar da mata da 'ya'ya uku. Mai sayar da mai ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Ranar da direbobi suka ce mansa ba shi da kyau, ranar ya gama kasuwa, ko da man nan ya fi ruwan rijiya tsabta.

To, ga yadda abin ya faro. Wata rana da damina, Maiwada ya cika tanki taf, ya bi hanyar Makarfi mai gargada, ya riƙa jin warin fetur. Ya tsaya ya leƙa ƙarƙashin motar, sai ya ga wani siririn bututu kusa da wuyan tanki yana ɗigar da mai kaɗan-kaɗan. Bai tambayi kowa ba. Ina zai tambaya, mutumin da ya yi shekara bakwai a Zariya? Ya yanko guntun kara a gefen hanya, ya fiƙe shi da wuƙa, ya shafa masa sabulu, ya cusa cikin bututun har ya nutse. Ɗiga ta tsaya. Ya goge hannu a wando yana yaba wa kansa, ya ja mota, ya manta da zancen ƙaf.

Bayan kwana uku mai ya yi ƙasa, ya tsaya a rumfar Uwaisu. Suka gaisa, Uwaisu ya tambayi hanya da gajiya, ya kafa mazurari, ya ɗaga garwa. Bai zuba ko kwata ba sai tanki ya yi wani gurnani, ya amayo man waje, ya jiƙe wa Maiwada riga da takalmi. Aka sake gwadawa, aka sake samun haka.

"Me ka zuba min a mota?" in ji Maiwada.

"Man da na saba zuba maka ne, Yaya. Daga duron nan na ba mota huɗu yau."

"Ban tambaye ka mota huɗu ba. Tawa lafiyarta ƙalau na kawo ta."

"To ko a kira makaniki ya duba wuyan tankin?"

"Wato ni ban san motata ba ke nan? Kai da ko sitiyari ba ka taɓa riƙewa ba?"

Uwaisu ya haƙura ya sake ɗaga garwa, don yayan matarsa ne, ga kuma mutane sun fara taruwa. Da ƙyar, ɗis-ɗis, aka samu garwa ɗaya ta shiga, har rana ta take tsaka.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma Maiwada ya ɗauki zancen ya zuba a bayan mota tare da mazarƙwaila, duk inda ya tsaya sai ya sauke kaɗan. A Makarfi ya ce dattin duron Uwaisu ne ya toshe masa tanki. A Kudan ya ce ruwa yake haɗawa. Kafin mako ya zagayo, maganar ta zama wai Uwaisu baƙin ciki yake yi da motar, ya zuba mata wani abin da ya karɓo a wurin boka. Kuma duk wanda ya yi shakka, ga hujja a gabansa, don ko'ina aka je zuba mata mai sai ta amayar. Direbobi mutane ne masu tsoron abin da zai taɓa musu mota. Ɗaya bayan ɗaya suka daina tsayawa a rumfar, suka koma cikowa tun daga Makarfi. Uwaisu ya wuni yana korar ƙuda a kan duro.

Mairo ta je har gida ta durƙusa wa yayanta, ta ce ya dubi yaran nan. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri, tun da ta zaɓi miji a kan ɗan'uwa.

Da abin ya ishi Uwaisu sai ya kai kuka wurin sarkin tasha, wani tsoho da ake kira Lado, wanda ya san rabon layi da sulhunta faɗa amma bai san komai a cikin inji ba. Uwaisu ya roƙi a buɗe tankin a gaban kowa. Maiwada ya ce duk wanda ya sa masa sifana a mota sai dai a ɗauki gawar ɗayansu. Sai Lado ya yanke nasa hukuncin: ranar Asabar Uwaisu ya wanke garwa da mazurari, ya tace mai a gaban jama'a, ya zuba da hannunsa. In mota ta sha, zance ya mutu. In ta ƙi, ya kwashe duronsa ya bar tashar, don ba za a zauna da mai hannun da direbobi ke tsoro ba. Hukuncin banza ne, kowa mai hankali ya sani, amma Uwaisu ya karɓa don ba a ba shi wani ba.

Shi kansa Maiwada fa yana shan wuya. Zuba garwa ɗaya sai ta cinye masa rabin sa'a, fasinjojin da ke zaune a kan buhuna suna tsaki, 'yan kamasho na yi masa ba'a wai motarsa azumi take yi. Ranar Alhamis da ya sauke kaya a Kudan, ya faki idon mutane ya kai ta wurin Ilisha, wani makaniki mutumin kudancin Zariya da ya koyi aikin a soja. Ilisha ya saurari bayani, ya kara kunne a bakin tanki aka zuba mai kaɗan, sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Bai daɗe ba ya fito da guntun kara a bakin filaya, baƙi ƙirin, da busasshen sabulu a jikinsa.

"Malam Maiwada, wa ya sa wannan?"

Maiwada ya gane karansa sarai, har fiƙar wuƙarsa. Ya ce, "Oho. Me ya yi?"

"Nan ne hancin tanki. In mai zai shiga, dole iskar da ke ciki ta samu ta inda za ta fita. Ka taɓa danna gora a ruwa da bakinta ƙasa? Haka ne. An toshe wa motarka hanci, shi ya sa take amai. Ɗigar da take yi in an cika ta da yawa ba ciwo ba ne."

Ya ɗauko garwa ya juye, mai ya wuce sumul ba ko tari. Ilisha ya dube shi, don labarin rumfar Ikara ya riga ya iso Kudan. Ya ce, "Mutumin nan ba shi da laifi. Ka je ka wanke shi."

"Gyara na kawo maka, ba wa'azi ba," in ji Maiwada. Ya sallame shi ya tayar da mota.

A hanya ransa ya yi ta tafasa. Jama'a, a lura da kyau, babu wanda ya ce sai ya tsaya a tsakiyar tasha ya tona kansa. Da ya bar bututun nan a buɗe kawai, ranar Asabar mota za ta sha mai, Uwaisu ya ci gaba da sana'arsa, Mairo ta huta da kuka. Ya san haka, kuma ya ji kunya, kunya mai zafi. Amma da ya tuna fuskokin 'yan tasha, da yadda za su ce ashe duk ihun nan na banza ne, da yadda za a riƙa nuna shi daga Ikara har Kudan, sai kunyar ta juye ta zama haushi. Haushin ma na Uwaisu, wai don me zai kai shi gaban sarkin tasha. Da ya wuce Makarfi, daidai wata fadamar rake inda ba kowa, ya taka birki. Ya yanko sabon kara, ya fiƙe, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya mayar da shi inda ya ciro na farko. Wannan karon ya san abin da yake yi.

Ranar Asabar tasha ta cika, har masu tallar rogo sun ajiye farantansu. Uwaisu ya wanke garwa sau uku, ya tace man ta sabon ƙyalle, ya ɗaga wa Lado ya gani. Ya yi bisimilla, ya sunkuya dab da bakin tanki don ya zuba a hankali. Tanki ya karɓi kaɗan, ya yi gurnaninsa, ya watso masa fetur a fuska. Ya saki garwa ya dafe idanu, aka rasa mai miƙa masa ruwa sai wata tsohuwa mai koko. Maiwada na tsaye ya harɗe hannu a ƙirji.

"Kun dai gani da idonku," ya ce.

Lado ya ce to, magana ta ƙare. Uwaisu ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Allah yana gani." Kafin la'asar ya mirgina duronsa ya fitar, ya kwance zanar rumfar ya ɗora a ka.

Ya sayar da duron, ya kwashe iyalinsa suka koma Malikanchi, ya kama noman da bai saba ba a gonar aro. Maiwada kuwa ya ci gaba da tuƙi da tanki a toshe. Shekara uku cur yana tsayuwar rabin sa'a a kan kowace garwa, rana na dukansa, don in ya cire karan za a tambaye shi yadda aka yi ta warke. Ya daina bi ta gaban garejin Ilisha, in sun haɗu a kasuwa ya kau da kai. Haushin da yake ji na Uwaisu bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, duk tsayuwar da ya yi a rana sai ya ɗora masa.

A shekara ta huɗu, da kaka, ciwon ƙirji ya kwantar da Uwaisu. Aka yi na gida aka gaji, aka ce sai asibiti a Zariya, kuma babu motar da ke shiga ƙauyen sai ta Maiwada. Mairo ta haɗiye zuciya ta aika masa. Ya zo da hantsi, ya tsayar da mota a ƙofar gida, ya shiga zaure inda aka kwantar da majinyacin a kan tabarma, dattawan unguwa biyar na zaune kewaye da shi. Uwaisu ya rame har ba a gane shi. Maiwada ya gaishe da dattawa, ya ce a ɗauko shi, rana na yi.

Uwaisu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Dakata, Yaya. Bara na haɗu da Ilisha a kasuwar Makarfi. Ya faɗa min abin da ya ciro ranar Alhamis ɗin nan, ya faɗa min ta sha mai a gabansa." Ya tsaya ya yi tari. "Ban gaya wa kowa ba, don kai kawun yarana ne. Amma har yau ana ce musu 'ya'yan mai baƙin hannu. Ka faɗa da bakinka a gaban mutanen nan cewa ban taɓa maka mota ba. Shi ke nan abin da nake nema, sai in shiga."

Mairo na tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta ce, "Yaya, don Allah."

Maiwada ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun san shi tun yana yawo ba wando. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, kalma biyar ce ko shida, kuma ya so ya faɗe ta, wallahi ya so. Sai ya ji bakinsa na cewa, "Ni ban san zancen da yake yi ba. Zafin ciwo ne. Ku ɗauko shi."

Uwaisu ya juya fuskarsa ga bango, ya ce kada wanda ya taɓa shi. Aka yi lallashi, liman ya sa baki, Mairo ta yi kuka har muryarta ta dushe, bai ko motsa ba. Maiwada ya jira a waje har azahar, sannan ya tayar da mota ya koma Ikara, babu kowa a bayanta sai katifar da Mairo ta riga ta shimfiɗa. Kwana biyu bayan nan aka yi jana'izar Uwaisu.